Fitilar da Baba ya wanke

Allunan talla masu haske nake yi a zangon Sokodé. Faranti ne na roba garai-garai kamar gilashi, sai in jera ƙananan fitilu a bakinsa. Haske yakan shiga ya wuce abinsa, ba ya fitowa sai inda na buga ɗigon farin fenti. Kusa da fitilun ɗigon jefi-jefi ne, can tsakiya kuwa cunkus. Ba ɗigo, ba haske.

Da idon Baba ya fara rauni na yi masa guda a matsayin fitila, ya rataye bisa inda yake karatu a Dapaong. Malami ne, kuma rantsuwa ya yi ba zai ga likita ba. Ni dai tsorona kada idon ya tafi gaba ɗaya yana ɓoye mana, don ya iya wannan.

Bayan wata biyu na je. Da rana tsaka ne, amma ɗakinsa ba taga. Tun daga zaure nake jin ƙira'arsa. Na yi sallama na shiga, sai na tsaya cak. Farantin a kunne yake, amma baƙi ƙirin, sai wani siririn zare na haske a gefensa. Ko tafin hannuna ban gani sosai ba.

"Baba, me ya sami fitilar?"

"Na shafa na ji datti, ɗan nan. Wa ke barin allo da tsohuwar tawada? Ruwa ya ƙi fid da shi, sai da na sa fetur. Ai tun ranar haskenta ya ƙaru."

Raina ya ɓaci, kwana uku na yi ina buga ɗigon nan. Kafin in buɗe baki ya ci gaba da karatu. Yatsansa na bin layi a cikin duhu, ya kai ƙarshen shafi ya juya daidai inda ya kamata. Na haska da wayata, ayar da yake kai ce a ƙarƙashin yatsan.

Na durƙusa, na kai hasken wayar dab da idonsa. Ko ƙiftawa bai yi ba. Na kashe, na kaɗa hannu a gaban fuskarsa a hankali, hawaye na zubo mini.

Ya dakata da karatun, bai ɗago ba.

"Janye hannunka," ya ce. "Kana tare mini haske."