Tsintsiya a Gadon Maijego

A zumuntar matan cocinmu kowace da baiwarta. Akwai masu murya, akwai masu hannun girki, akwai masu hawaye a kusa, waɗanda ko kazar maƙwabta ce ta mutu sai sun jiƙa bakin zani. Wadda muke kira Tsintsiya ba ta da ko ɗaya. In ta ɗauki waƙa, jarirai ne ke yi mata amshi. In ta yi miya, mijinta yakan tuna yana azumi. Baiwarta guda ce, korar baƙi.

Ta ƙare ƙuruciyarta tana goge daɓen asibiti, ɗakin masu haihuwa, har gwiwoyinta suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Takan ce, "Zazzaɓi ya san lokacin tafiya, mai dubiya bai sani ba." Da ta ajiye aiki sai ta kawo mana wannan karatu zumunta, ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

Kada a yi mini mummunar fahimta, mu mata ne masu amfani. In abu ya sami gida, kafin dangi su gama neman mota mun iso. Wannan da shinkafa, waccan da gawayi da sabulu, wata ta kwashi yara ta kai makaranta, wata ta wuce asibiti jinya. Aibinmu dai mun san shiga, ba mu san fita ba. Sai mu baje a falo, mu tuɓe takalma, mu cinye rabin abin da muka kawo, muna ta ba matar gida haƙuri har nata ya ƙare.

Tsintsiya ba ta taɓa ce wa kowa tashi ba. Bokiti kawai take cikowa da tsumman jariri, ta dire a gabanki, ta ce, "'Yar'uwa, tunda hannunki ba komai." Nan take za ki ga mace ta tuna ta bar wake a kan wuta.

Haka aka yi ta yi har zuwa haihuwar matar bakanike. Yarinya ce shiru-shiru, danginta suna nesa. Mota ta zame daga kan jak, ƙarfen ɗaga mota, ta danne wa mijinta ƙafa, yana asibiti an rataye ƙafar sama, ita kuma ta sauka a makon. Barci ya ƙaurace mata, nono ya ƙi zuwa, jaririya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Nas ɗin da ta zo duba ta ta ce ba wani magani, ta ci, ta sha, ta yi barci. In ba haka ba, sai dai a mayar da jaririyar asibiti.

To ina barci, Mama Shugaba ta ɗauki gidan a ka? Shugabarmu mace ce mai zuciya ɗaya, buhun da ya fi kowanne girma ita ta kawo shi. Amma in ta ce a yi 'yar gajeruwar addu'a, mai hankali kujera take nema. Ga ta kuma yayar mijin Tsintsiya, ba halin a yi mata gatsali.

Tsintsiya ta gwada bokiti. Mama Shugaba ta naɗe hannun riga, ta wanke tsumman tas, ta shanya, ta dawo da sabon ƙarfi. Aka ba ta tukwane, ta kankare su, ta haɗa murfi biyu tana kiɗa. Yarinya tana zaune a bakin gado, ido ya faɗa, da kanta ya sunkuya sai a dafa ta a ce, "Ɗiyata, amsa da ƙarfi."

Da hantsi Tsintsiya ta jawo ni bayan ƙofa.

"Ke tsohuwar banza, kin iya ƙarya?"

"A coci ko a waje?"

"A bakin ƙofa."

"Nan kam ba ni da na biyu."

Sai ta tafa hannu ta ce kowa ya koma falo, za ta canja wa maijego zanin gado. Ta rufe ƙofa da ni a ciki. Ɗakin kwanan yana da wata ƙofar ta baya, gidan Tsintsiya kuma katanga ɗaya ce tsakani. Ta goya wa yarinya jaririyarta, ta damƙa mata mabuɗin gidanta, ta tura ta can ta baya. Ita kuwa ta haye gado, ta juya wa bango fuska, ta ja bargo har ka.

Na buɗe ƙofa na ce, "Mama, yarinya ta kwanta. Tsintsiya ta fita da jaririya shan iska."

"Madalla, gara da ta fita," in ji Mama Shugaba. "Yanzu ma yi addu'a ba mai turo mana bokiti."

Muka kewaye gado. Mama ta ɗora hannu a kan bargo, ta runtse ido, ta fara. Ta roƙa wa bakanike ƙafa. Ta roƙa wa garejinsa albarka. Daga nan ta ɗaga murya.

"Ya Ubangiji, dubi wannan 'yar baiwa taka, ƙaramar yarinya, ɗanyen jini! Buɗe mata nono! Ya zubo, ya tumbatsa, har maƙwabta su shaida!"

Na ce amin, na cusa ɗankwali a baki. Matar da ke cikin bargon nan autanta ya fara furfura.

Can sai minshari ya tashi, irin na injin niƙa. Mama ta yi murmushi ta ce, "Kun ji ko? Salama ta sauka." Ta ƙara ƙaimi. Da haka za mu rabu lafiya, sai mai barci ta miƙe ƙafa, bargo ya zame. Ɗaya daga cikinmu, matar tela, ta buɗe ido ɗaya ta gani.

"Mama, haihuwa tana kawo faso haka?"

Mama ta dubi diddigen, duk ya tsattsage kamar busasshen tabki. Ta yaye bargo. Tsintsiya ta yi miƙa, ta yi hamma.

"Yaya, har an gama? A ci gaba mana, na ji daɗinta. Maganar nonon nan dai a cire, ƙanenki zai tsorata."

"Ina yarinyar mutane?"

"Tana inda amin ba ya kaiwa."

Mama ba ta ko tsaya gyara ɗaurin zani ba. Ta fita fuu, muna biye kamar 'yan agwagwa, tana cewa yau sai zumunta ta zauna a kan wannan mata, ƙanwa ko ba ƙanwa ba. Ta tura ƙofar gidan Tsintsiya, ta ɗaga labulen ɗaki, ta tsaya cak.

Yarinya tana kwance a gefe ɗaya, baki a buɗe, yawu har kan matashi. Jaririya tana maƙale a ƙirjinta, kumatu suna motsi, ba ka jin komai sai ƙwat, ƙwat, tana haɗiya.

Na ga ƙirjin Mama ya cika da iska. Na san waƙar godiya ce ke tahowa, mai baiti barkatai. Mama ta dubi jaririyar, ta daɗe tana dubanta, sannan ta sauke iskar a hankali ta hanci. Ta saki labule, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta juyo da sanɗa tana kora mu da gwiwar hannu.

Sai da muka kai titi ta yi magana, da raɗa.

"Addu'ata ce ta ci."

"Ita ce, Yaya," in ji Tsintsiya. "Ta katanga ta tsallaka."

"Rufe mini baki. Ɗauko kujera ki zauna a ƙofar nan. Ko fasto ne ya zo, ki ba shi bokiti."