Jarumin Yaya a Cikin Kogo

Yayana ya yi shekaru yana aikin jirgin ruwa, daga tashar jiragen ruwa ta Tema suke tashi. A tafiyarsa ta ƙarshe igiya ta tsinke, kaya suka faɗo masa a ƙugu. A kwance aka dawo mana da shi unguwarmu Maamobi, kuma bai sake taka ƙasa ba. Tagar ɗakinsa bangon maƙwabta take kallo. Lungunmu kuwa ko keken guragu ba ya shiga sai an ɗaga shi.

A jakarsa akwai wani kwali da Bature abokin aikinsa ya bar masa: littafin Turanci, da ƙwayoyi irin na ludu, sai dai wasu fuskokinsu sun fi shida. Wasan labari ne. Mutum ɗaya ya riƙa ba da labarin wata duniya, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a ciki ya faɗi abin da zai yi, a jefa ƙwaya a ga ko ya dace. Ni ne na ɗan taɓa boko a gidanmu, sai aka ɗora min ba da labarin. Na tsaga kwalin sabulu na kafa a gabana don kada su ga abin da nake shirya musu.

Ran Lahadi bayan la'asar muke zama a bakin gadon Yaya. Shi ya ɗauki jarumi mai takobi. Abokinsa, direban trotro, ƙaramar bas ta haya, da ke lodi a tashar Kawukudi, ya ɗauki ɓarawo, ya ce bai taɓa samun sana'ar da ta dace da shi haka ba. Na ukun ladanin masallacin lungunmu ne, tela, siriri kamar tsinke. Dubiya ya zo, Yaya ya riƙe shi. Shi muka ba mai warkarwa, wanda muke kira malami. Ya yarda bisa sharaɗin hannunsa ba zai taɓa ƙwaya ba, kada a ce ladan na caca. Ni nake jefa masa a bayan kwalina.

Littafin ya ce malami gumaka yake roƙo su ba shi waraka. Tun ranar farko na ce duniyarmu babu su, na tsallake shafukan, kowa ya ce madalla. Ban tsaya na tambayi kaina daga ina to warakar za ta fito ba.

Mun daɗe muna yi lafiya. Yaya da ko kokonsa ba ya shanyewa, ran Lahadi shi ke cewa a yi masa aski, a jingina shi da matashi. A cikin wasan ya hau doki, ya haye kogi, ya yi tsalle daga kan katanga, yana ba da umarni da muryar da yake yi wa ma'aikatan jirgi.

Sai na kai su wani kogo mai zurfi da ba a fita sai a kama igiya a hau. Dodo ya kai wa jarumi duka, ƙwaya ta ba dodo nasara. Na karanta abin da littafi ya ce: jarumi ya faɗi, ba ya iya tashi. Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa.

"Malam, yau aikinka ya zo," in ji direba da sauri. "Tun da muka fara kake cin guzurinmu a banza."

Ladan ya dube ni. "Da ikon wa zan warkar da shi?"

Na ce, "Da ikonka. A jikinka yake."

"A'uzu billahi. Ni ɗan Adam in ce na warkar da ikona? Ai gara gumakan, su kowa ya san ƙarya ne."

"Malam, to ka ce da ikon Allah mana, mu wuce," in ji direba.

"Sai wannan ya jefa ƙwaya a bayan kwalin sabulu, ya gaya mana ko Allah ya amsa?"

Sai na shiga neman wata hanyar waraka. Na kawo aljanu, ladan ya ce bori ke nan. Na kawo saiwa da ganye, direba ya ce wane ganye ke tsirowa a ƙarƙashin dutse. Muna nan har magariba ta yi, ladan ya tashi kiran salla.

Lahadin da ta biyo haka, ta bayanta ma haka. Ɓarawo ya lalube bangon kogo kaf bai sami wata ƙofa ba, don ban sa ba, kuma ina ganin in na ƙirƙiro ta yanzu na yi maguɗi. Yaya bai shiga gardamar ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Ku ƙyale Malam, yana da gaskiya." Amma ya daina kiran wanzami.

Wata Lahadi ladan ya shigo da fara'a, ko zaren da ke manne a rigarsa bai kakkaɓe ba.

"Na samo. Ba zan warkar da shi ba, goya shi zan yi mu hau. Ƙarfin baya kam ƙwaya tana iya aunawa, babu saɓo a ciki."

Yaya ya yi dariya har da tari. "Kai da keken ɗinkinka ma sai an kama maka?"

"Kai dai riƙe wuyana, Yallaɓai."

Na duba littafi. Malami ba mai ƙarfi ba ne, sai ƙwaya ta ba da babbar lamba. Na jefa a bayan kwali, ta ba da biyu. Babu mai ganinta sai ni. Su ukun fuskata suke kallo, Yaya har ya ɗago kansa daga matashi. A lokacin gani nake amanar wasan ita ce in faɗi abin da ya fito, sai na faɗa.

Na ce, "Kun zame. Kun koma ƙasa."

"Sake jefawa," in ji direba. "Hannunka ya karkace, na ji."

"A'a," in ji Yaya. "Abin da ya fito ya fito. Ku kama igiya ku hau, ku bar min gorar ruwa."

Direba ya rantse ba inda ɓarawonsa za shi. Ladan ya ce zai huta ya sake gwadawa. Yaya ya dube ni. Ya ce in zare masa matashi, bayansa ya gaji, in kuma tura kwalin wasan ƙarƙashin gado in na gama tattara ƙwayoyin.