Karan Gonar Kaka

Mun tashi da asuba daga Gazawa, ni da kawuna, shi riƙe da ƙullin goro, ni riƙe da saƙon kakata. Tun zamanin marigayi mijinta akwai wani gidan Fulani da ke sauka a gonarmu bayan girbi, shanunsu su ci karan gero, su bar mana taki. Bara kawu ya sayar wa masu amalanke karan kaf. Makiyayan suka zo suka tarar da gona fayau, suka wuce. Bana geronmu ya fito rawaya-rawaya, zangarniya kamar ɗan yatsa. Kaka ta ce sai an je an ba su haƙuri, kuma ni zan raka kawu, wai don kada ya tsaya shan shayi a Maradi ya dawo ya ce bai same su ba.

Motar tasha ta cika har da akuya a ƙarƙashin kujerata, tana lasar gefen zanena. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ce mu tambayi masu mai. Wajen Agye gari ya waye, sai ga itatuwan gawo tsaye cikin gonaki, sun fara fitar da ganye a lokacin da komai ke bushewa. Manoman nan sun daina sare toho in suna sassabe, suna barinsa ya girma. Na daɗe ina kallonsu ta taga, zuciyata ta ɗan kwanta.

Kwanciyar ba ta daɗe ba. Kafin Cadawa muka fara gamuwa da amalanke ɗauke da kara, wata bayan wata, an yi musu lodi har jakin ba ya ganuwa. Gonakin da suka baro tsirara suke, rana na dukansu. A lakol, wato makaranta, an koya mana cewa tsiro yana zuƙar iskar kabon daga sama ya gina jikinsa, dabba ta ci, ta mayar wa ƙasa a taki, ƙasa ta adana. In an ƙone karan, hayaƙin ya koma sama ya ƙara ɗumama duniya. Zafi ya ƙaru, ciyawa ta ragu, kara ya yi tsada, sai a ƙara kwashe shi, ƙasa ta ƙara rama. A littafi zane ne mai kibiyoyi. A hanyar nan gonar kakata ce. Na sayi aya da ƙosai a Cadawa, amma kawu ne ya ci rabona.

A Maradi muka sauya mota, kawu ya kalli mai shayi, na kalle shi, muka wuce. Bayan Tibiri maganar mutane ta koma irin ta Gobir, kowa na “mi kag gani”. A kasuwar dabbobi ta Gidan Rumji aka kwatanta mana rugar, ɗan kabu-kabu ya kai mu a babur cikin rairayi, ina ta salati a bayansa.

Shanun sun ragu sosai, ƙasusuwan kwankwasonsu a waje. Matar gidan ta ce mana “jaɓɓaama”, wato sannu da zuwa, ta dama fura da nono ɗan kaɗan, ta ce mu yi haƙuri, shanu ba su ƙoshi ba. Dattijon gidan ya karɓi goron, ya saurari kawu har ƙarshe, kawu yana magana kansa a ƙasa.

“Baffa, Kaka ta ce ku dawo gida,” na ce.

“Ɗiyata, ni ban yi fushi ba. Saniya ce ta yi fushi, ita kuwa ba ta cin goro.” Muka yi dariya, har da kawu. Sai dattijon ya ce, “Yara suna son mu yi kudu bana. In mun biyo ta wajenku muka ga kara, za mu sauka. In ba mu gani ba, ki gai da tsohuwa.”

Iyakar alkawarin ke nan. Muka kwana a garin wajen dangi, washegari muka juyo. Duk amalanken da na gani a hanya sai in yi tunanin ko daga gonarmu take.

Mun iso Gazawa da la'asar, ba mu tarar da Kaka a gida ba. Tana gona, ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar kara, da butarta da carbinta. Masu amalanke sun zo tayi, ta kore su da sandarta. Kawu ya tuɓe takalmi ya zauna kusa da ita.

Tafiyar nan ta nuna mini cewa abin da ƙasa ta ba mu, in ba a bar mata rabonta ba, sama ce ke karɓa, ta dawo mana da shi zafi. Kara yana nan, taki bai zo ba tukuna. Kullum da yamma nakan kai wa Kaka ruwa, mu zauna mu fuskanci yamma, ta ce mini, “Yi shiru, ke, kamar na ji kukan saniya.”