Mayen Ƙarfe a Aljihun Baƙo

Abin da na fara gani da muka sauka daga keke a bakin masana'antar shi ne gidan zanzaro. Yana manne a jikin babbar ƙofa, an bi ta kansa da shuɗin fenti, ko kankare shi ba a tsaya yi ba. Fentin ma bai gama bushewa ba.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare lokacin. Babana ya haura shekara ashirin yana aiki a wannan wuri da ake haɗa taraktoci da manyan motoci, amma ni tun da na yi wayo ban taɓa ganin sabuwar mota ta fito daga ƙofar ba. Kullum da safe zai bar gidanmu na Ƙofar Dumi da rigar aikinsa, ya je ya goge injinan da aka ba shi amana, ya zuba musu mai, ya dawo. Sai magana ta fito cewa za a rufe wurin a sallami kowa. Daga baya manaja ya tara su ya ce akwai sauran dama. Wai wasu masu kuɗi za su zo dubawa, idan suka ga masana'antar na da sauran numfashi za su saya su tashe ta.

Ƙungiyar ma'aikata ta ce za a nuna musu numfashi. Mako uku su Baba suka yi suna bin matattun taraktocin da ke jibge a bayan fili, a kwance wannan a nan, a ciro wancan a can, har suka haɗa guda ɗaya cikakkiya. Suna kiranta amarya. Farcen babban yatsan Baba ya yi baƙi ya cire, bai ko damu ba. Yana cin tuwo yana ba Inna labarin famfon mai, ita kuma tana cewa to, to, kamar ta san abin.

Mu 'ya'yan ma'aikata aka ce mu zo da kayan makaranta mu riƙe kwalaye. Nawa an rubuta a jiki, a bar iyayenmu su yi aiki.

Shugaban ƙungiyar mutumin kudu ne, rana ɗaya aka ɗauke su aiki da Baba. Kawu Kwamared muke ce masa. Da ya hango ni ya ware hannu.

"A'a, 'yar gida na, ka zo? Yau ma babu magana?"

Na sunkuyar da kai na gaishe shi a hankali.

"Wannan dai ba uwa ta ɗauko ba," in ji Baba. "Uwarta rediyo ce, ba ta buƙatar batir."

"Zan gaya ma ta!" in ji Kawu Kwamared. "Wallahi yau ba tuwo."

Kowa yana cikin raha. Tsohuwar da ke sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofa ta aro babbar tukunya. Ta ce mini da can benci goma sha biyu take jerawa kuma ba sa isa, yanzu biyu suka rage, sauran ta yi makamashi da su. Telan Wunti da ke ɗinka rigunan aiki shi ma ya rufe shago ya zo, da tef ɗinsa a wuya.

An ce mana ƙarfe tara. Sai bayan azahar baƙin suka iso cikin motoci masu baƙin gilashi. Muka ɗaga kwalaye har hannuwanmu suka yi sanyi, babu wanda ya karanta. Manaja ya ja su zuwa rumfa, aka ba su ruwan gora mai sanyi, mu muna rana. Kaina ya fara juyawa. Kawu Kwamared ya lura, ya ce in shiga babban zauren injina in zauna a inuwa.

Na ɗauka ba kowa a ciki. Ashe ɗaya daga cikin baƙin ya zame ya shigo, wani mai farar shadda da takalmi sau-ciki. Yana tafiya tsakanin injina, waya a kunne. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ɗan baƙin abu, ya kai shi jikin injin, abin ya manne, ƙas. Ya cire ya matsa gaba. Ƙas. Ya tsaya a wata ƙatuwar wayar lantarki, ya kankare ta da mukulli, ya leƙa launinta.

Na san wannan abin. Mayen ƙarfe ne. Duk yarinyar da ta tashi a lungunmu ta san shi, don da shi 'yan gwangwan suke yawo. Ranar da Inna ta sayar da tsohon keken ɗinkinta haka mutumin ya yi, ya manna, ya ce baƙin ƙarfe ne, ya ɗora a sikeli. Bai tambaya ko keken yana ɗinki ba. Wanda zai yi aiki da inji cewa yake a kunna masa ya ji ƙararsa. Mai manna mayen ƙarfe nauyi ya zo saya.

"Duk mai nauyi ne, ranka ya daɗe," yana faɗa wa wayar. "Jar waya ma akwai ta sosai. A'a, manaja ya ce a bari su gama wasansu tukuna."

Wasansu. Farcen Baba ne wasan.

Sai ya juyo ya gan ni. Bai ko razana ba. Ya ciro tef na awo ya miƙo mini bakinsa.

"'Yammata, zo riƙe mini nan. Danne da kyau a jikin bango."

Wannan ne abin da har yau idan na tuna nake jin kunya. Na tashi na riƙe. Babba ya ce in riƙe, kuma a gidanmu ba a koya mini cewa babba a'a ba. Ya ja tef ɗin har ɗaya gefen ƙofar zauren, ya duba, ya ce wa wayar tirela za ta shiga da baya ba matsala. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya saki tef ɗin ya naɗe kansa, ya fita yana kaɗe hannun riga.

Ina tsaye a wurin na ji tarakta ta yi tari sau biyu, ta kama. Ihu ya tashi a waje. Na fito na ga Baba a kanta, ya cire hula yana kaɗawa, yana zagaya fili, baƙin hayaƙi na bin sa. Manyan mutane masu furfura suna tsalle kamar yara. Tsohuwa mai shinkafa tana guɗa. Ban taɓa ganin haƙoran Baba duka a waje ba sai ranar. A rumfa kuwa manaja yana tafi da yatsu biyu, mai farar shadda ya koma kujerarsa yana tafi shi ma, har yana gyaɗa kai.

Da a ce sun zo sun ce mun saya, za mu yanka mu auna, da an yi kuka an haƙura. Amma su zaunar da mutane mako uku suna fasa yatsu, su sa a yi fenti, a kwaso yara daga aji a shanya a rana, duk don a samu a yi awo cikin kwanciyar hankali! Na dubi Baba, na san ba zan iya zuwa in tsayar da taraktar nan in gaya masa ba.

Kawu Kwamared yana gefen rumfa, yana gyara takardar jawabin godiya da zai karanta. A kusa da shi akwai agogon bango a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, kyautar da ma'aikata suka yi karo-karo suka saya wa baƙi. Na je na ja hannun rigarsa. Ya sunkuyo yana murmushi. Na gaya masa abin da na gani da abin da na ji, har da tef ɗin da na riƙe. Bai ji sosai ba, sai da na maimaita.

Murmushin ya tafi. Ya dubi rumfar, ya dubi takardar da ke hannunsa.

"Ka tabbata, 'ya ta? Wannan magana ba ƙarami ba ne."

"Yana aljihunsa na dama," na ce. "Kawu, don Allah kada ka yi musu godiya. Kafin ka ba su agogon nan, ka ce ya fito da abin da ke aljihunsa a gaban kowa, ya faɗa wa Babana me ya zo saya."