Ƙarshen Kakanmu da Ƙarfe Ba Ya Ci

Shekarun da nake karatu a Lyon, cikin alif ɗari tara da casa'in da wani abu, kowace Asabar da rana mukan kewaye tebur ni da abokaina Faransawa uku. Wasa ne na labari. Kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi, ni kuma in riƙa ba da labarin abin da ke samunsu. In faɗa ya tashi, sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama.

Rawar kai ta sa na shigar da kakan kakanmu cikin wasan, barden ƙasar Damagaram da aka ce ƙarfe ba ya cinsa. Da fari labarinsa kawai suke ji a bakin mutanen ƙauyukan da na ƙirƙira. Amma jarumansu suka yi ƙarfi, suka kashe dodanni har suka gaji, sai suka ce lalle sai sun gwabza da shi. A ƙa'idar wasan, duk wanda aka ba lambar ƙarfi ana iya kashe shi. Raina bai so kakanmu ya faɗi a hannun ɗan lakwal, ɗan boko mai cin biskit, ba.

Matsalar ita ce ni kaina ban san yadda ya ƙare ba. Baba ne kaɗai ya rage da ya sani, kuma tun muna yara in ya kawo yaƙin ƙarshe sai ya ce a tashi a yi alwala. Ga shi a lokacin ɓarin jikinsa ya shanye, bayan shekaru yana dakon kaya a kasuwar Rungis, maganarsa kuma kullum raguwa take. Na ji tsoron ƙarshen labarin ya tafi tare da shi.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na ƙarasa Sevran inda Baba ke zaune. Bayan gaisuwa na tambaye shi. Ya dube ni, sannan ya ce, "Kai ni wanka."

Yayata ce ke yi masa komai, sai dai ranar ta tafi unguwar Goutte d'Or cefane. Na durƙusa, na goya shi. Muna cikin lungun da ke kai wa banɗaki, bakinsa daidai kunnena, ya fara magana a hankali.

"Bai mutu wurin yaƙi ba. Ya dawo gida, ya tsuhwa, ya makance. Ɗansa ke goya shi ya kai shi rana, ya maido shi inuwa. Ba a hwaɗi ma yaro wannan. Sai wanda ya goya ubansa aka gaya ma. Ni ma a haka na ji shi."

Na yi masa wanka. Baƙin ciki ya cika ni, don na gane dalilin da ya sa lokacina na ji ya yi. Kafin sanyin shekarar ya wuce Allah ya karɓi abinsa.

Na daɗe ban koma teburin ba. Ranar da na koma, abokaina sun zo da shirinsu, sun tara wa jarumansu takubba da layu. Na kai su har ƙofar gidan barden. Na ce sun tarar da wani tsoho makaho a kan tabarma, ya ji motsinsu, ya ce ko akwai mai kai shi rana.

Wanda ya fi su son faɗa ya juya ɗan ludon a tafinsa, ya ce jaruminsa ya ajiye takobi, zai ɗauke shi. Sannan ya tambaye ni nawa zai jefa kafin ya iya ɗaga mutum irin wannan.

Na ce masa ya ajiye, ba sai ya jefa ba. Tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan.