Ƙaura a Baro

Ni na fara kawo maganar sayar da gidanmu na unguwar Rikkos a Jos. Maigida bai taɓa ganin aibunsa ba. Ɗakuna ne a jere da tsakar gida da rijiyar da ba ta ƙafewa, kuma a ciki aka haifi duk yaranmu. Hujjar da na ba shi ita ce Rayfield ta fi kusa da Abattoir, inda yake sana'ar nama. Hujjar gaskiya kuwa tana cikin littattafan soyayyar da na tashi ina haya a kasuwa. A cikinsu mace kan sauko daga bene a hankali, ƙamshinta ya riga ta isowa, miji na ƙasa yana kaɗa makullin mota. Nawa mijin a babur yake dawowa da warin kayan ciki a rigarsa, amma na tabbata idan aka samu matattakala sauran za su biyo baya.

Dillalin da aka haɗa mu da shi dogo ne, ba ya rabuwa da hular sanyi, kuma Hajiya yake kirana ko da yake ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. Sai da muka biya kuɗin kallo kafin ya kai mu wani ƙaramin bene a gefen Rayfield. Fenti ya koɗe, ciyawa ta cinye harabar. Na hau sama na buɗe taga, na ga duwatsu da hazo kwance a kansu, na ji kamar dama ni suke jira.

"Hajiya, kin dace da tagar nan," in ji shi.

Maigida yana ƙasa yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, yana tambayar takardu.

Ba mu da kuɗin saye sai mun sayar, don haka aka fara kawo masu kallon namu gidan. Ban san haka abin yake da ciwo ba. Baƙin maza su shigo har uwar ɗakina, su ɗaga labule, su nuna inda rufi ke yoyo. Wani ya leƙa banɗaki ya fito yana toshe hanci, a gabana, ya ce filin kawai zai saya, ginin ba ya cikin lissafi. Na tsaya da tsintsiya a hannu kamar 'yar aikin gidan.

Daga ƙarshe wani mai shagon takalma ya saya. Ranar biya dillali ɗaya ya zama gayya. Ga wanda ya kawo mai saye, ga wanda ya gaya masa, ga wani da ya rantse a shagon shayinsa aka fara maganar, kowa na jiran la'ada. Lauya ya karɓi nasa, aka fitar da goron mai unguwa da na shaidu. Maigida ya shigo ya zauna a bakin gado ya ce, "Ko sa aka yanka ba a yi masa irin wannan rabon." Mai sayen ya ba mu lokaci mu kwashe. Muka kai kafin alƙalami a kan benen, muka biya mai awo da mai bin takardu.

A unguwarmu mace ba ta tashi haka kawai. Sai ta bi gida gida ta yi sallama, ta nemi gafara, a yafi juna, a ba ta abin tafiya. Ana yin haka ne idan motar kaya ta kusa zuwa. Ni kuwa na kasa jira. Na sa leshina na biki na shiga gidaje. Aka ba ni sabulu da turare da bahon roba, wasu har da hawaye. A kowane gida sai na ba da labarin tagar da duwatsun, na ce babbar mota ce za ta zo ɗaukar kaya, na ce duk su zo su kwana.

Gida na ƙarshe shi ne na tsallaken kwata, na wata tsohuwar malamar makaranta, Kirista 'yar asalin Filato, wadda kowa ke ce wa Mama. Ta auno mini acca a leda, ta dube ni ta saman tabarau, ta yi magana da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Kai yarinya, an ba ka makulli?"

"Saura kaɗan, Mama."

"To. Allah ya kai."

Ashe benen na gado ne. Magadan da ke Jos sun yarda, amma akwai yayarsu a Abuja da ba a shawarta ba, ta ce ba za ta sa hannu ba sai an ƙara kuɗi. Aka yi ta zama. Dillali ya fara cewa yana wurin jana'iza duk lokacin da aka kira shi. Da kafin alƙalaminmu ya dawo, ya dawo da giɓi, na awo da na takardu kuwa sun tafi ke nan. Muka koma neman wani gidan, kowanne da kuɗin kallonsa, kowanne ya fi ƙarfin abin da ya rage. Ko irin gidan da muka sayar ba za mu iya saya ba.

Na daina fita. Idan mace ta yi sallama sai in ce yara su ce ina barci. Sabulun da aka ba ni na tura ƙarƙashin gado, na kasa wanka da shi. Da maigida ya yi faɗa da na samu sauƙi, amma abin da yake cewa kawai shi ne, "Tashi ki ci abinci." Mai takalma ma bai ɗaga murya ba. Ya dai zo da magini suka fara auna tsakar gida ina zaune ina tsince shinkafa.

Mama ce ta tare maigida a hanya ta ce ɗakuna biyu na bayan gidanta babu kowa, mu shiga haya kafin Allah ya kawo mafita. Na roƙe shi mu kwashe da asuba kafin gari ya waye.

"Kayan sata ne?" ya ce. "Da rana za mu fita."

Bayan azahar aka kawo baro. Gadona, da kwabar kwanukana, da madubin da na yi niyyar kafawa a saman matattakala, duk a baro suka tsallaka kwata. Na bi bayansu da tukunya a ka, idona a ƙasa. Ina jin ƙofofi na buɗewa.

Washegari da hantsi na ji sallama. Matan unguwa ne, kowacce da kwano a rufe, Mama na gaba. Haka ake yi wa wadda ta tare a unguwa.

"Mun ji an yi baƙuwa," in ji matar mai gyaran rediyo, fuskarta a ɗaure. "Sannu da hanya. An sha tafiya ko?"

"Ku bar ta ta huta," wata ta ce. "Ba ku ga ƙafarta ta kumbura ba?"

Mama ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Na rufe fuska da mayafi, ni kaina ban san ko dariya nake ko kuka ba. Suka shimfiɗa wa kansu tabarma, suka ci rabin abin da suka kawo, suka yi mini bayanin inda ake niƙa da wanda ke sayar da gawayi mai kyau, a unguwar da na aurar da ƙanwata.

Da suka tafi suka bar mini kwanuka jibge a bakin ƙofa. Ba a mayar da kwano wayam, kuma wannan ba aiken yara ba ne. Na kwana biyu ina kallonsu. A na uku na soya ƙosai, na zuba a kowanne, na ɗaura zanen gida, na fara da ƙofar da ta fi kusa.