Ramar Mai Sikeli

Ke, ajiye wayar nan, tunda ke kika tambaya. Kakanku ai ba a kiran sunansa, Mai Sikeli ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya yana kamfanin abincin kaji, kowane buhu sai ya hau sikelinsa kafin a ɗinke bakinsa. Mutum ne mai tsantseni, ko ƙwayar dusa ba ya yarda ta biyo shi gida a aljihu.

Akwai wani dunƙulen ƙarfe da ake gwada sikelin da shi kowace safiya, a ga ko yana daidai. Da aka canja musu sito, ƙarfen ya ɓata. Sau uku yana sa akawu ya rubuta a sayo wani, manaja yana cewa a bari kasuwa ta buɗe. To, sai kakanku ya yi dabara. Ya san nauyinsa, tun yana saurayi bai ƙaru ba bai ragu ba. Ya sa jan fenti a inda allurar ke tsayawa in ya hau. Kullum da safe sai ya cire takalmi ya hau, in allura ba ta kai fentin ba, ya murɗa wani noti a baya har ta kai.

Ni ce na fara gani. Wandonsa ya soma zamewa, na rage ƙugun, bayan wata biyu na sake ragewa. Ga shan ruwa kamar raƙumi.

Na ce, "Maigida, kana ramewa fa."

Ya ce, "Ke dai idonki ne ya tsufa. Sikeli ya ce ina nan yadda nake. Ko so kike ki ce girkinki ne ya lalace?"

Muka yi dariya. Ashe ciwon sukari ne ke cinsa, shi kuma kullum yana murɗa noti yana bin ramarsa. Buhu ya hau, allura ta ce ya cika, alhali bai cika ba.

Wata mai gonar kaji ce ta gano. Ta auna buhunanta a wani wuri, ta ga duk ba su cika ba. Ba ta yi hayaniya ba, kotu ta tafi. Lokacin saura wata biyar kakanku ya ajiye aiki ya fara karɓar fansho, har mun yi maganar gyara rufin ɗakin nan.

Ranar nan da hantsi ina wanki sai ga mota a ƙofar gida. Lauyan kamfani ne, yaro mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Wallahi gaisuwar ce ta tsorata ni. Ya zauna a kan tabarma, ya fito da takarda da ɗan akwatin tawada.

Ya ce, "Baba, ba wani abu ba ne. Ka dangwala cewa kai ke murɗa notin, ba wanda ya sa ka. Maganar fansho kuma ka bar mana."

Na leƙo na ce, "Ɗan nan, maganar ƙarfen da ya roƙa sau uku fa, tana ciki?"

Ya yi murmushi. "Mama, wannan daban ne."

Na ce, "Maigida, a jira babban yaronmu ya dawo ya karanta."

Kakanku ya dube ni. Idanun nan duk sun faɗa. Ya ce, "Hannuna ne ya murɗa ko ba hannuna ba? In ce ƙarya aka yi mini?"

Ya dangwala. Lauyan ya ciro hankicinsa ya goge masa yatsa da kansa, a hankali.

Kwana tara aka kawo wasiƙa. Kora ce, wai ya taɓa kayan aiki ba izini. Wanda aka kora kuwa, suka ce, ba shi da komai a wurinsu. Akawun da ya rubuta takardun nan uku ya ce shi bai tuna ba, yana da 'ya'ya.

Babanku ya kai mu wurin lauyan ƙungiyar ma'aikata, wani dattijo a ofis mai cike da ƙura. Ya karanta kwafin takardar da kakanku ya dangwala wa yatsa sau biyu, ya cire tabarau.

Ya ce, "Wa ya karanta masa kafin ya sa hannu?"

Na ce, "Wanda ya rubuta."

 Sai ya turo mana takardar, ya ce wa babanku, "Ku fara kai shi asibiti."